Daga Legas zuwa Akra da motar haya: me zan shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yara biyu muna son bin hanyar bakin teku daga Legas zuwa Akra a hutun ƙarshen shekara. Za mu hau jirgi daga Kaduna, mu ɗauki hayar mota a Legas in tuƙa da kaina. Me ya kamata in shirya? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hanyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka tsallaka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a bakin Gana. A kowace iyaka za a duba sunan da ke kan takardun mota, kuma ba naka ba ne. Nan ne tafiyar mutane da yawa take wargajewa.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi kamfanin ko ya yarda motarsa ta fita daga Najeriya. Da yawa ba sa yarda. In sun amince, kada ka tsaya ga maganar baki. Su ba ka wasiƙa mai hatimi da ta ambaci sunanka, lambar fasfonka, lambar mota, lambar shasi, ƙasashen uku da ranakun tafiya. Ka buɗe bonet da kanka ka gwada lambar shasi da ta takarda, domin harafi ɗaya ya saɓa, jami'in kwastan na da hujjar riƙe motar. Ka karɓi takardun asali, ka yi kwafi uku na kowace, tun da Benin da Togo da Gana kowa zai yanka maka takardar shigar mota ta wucin gadi. Ka adana ta da kyau, ita za a nema wajen fita.

 Ana buƙatar katin inshorar ECOWAS, wato Brown Card, kuma abin da yake biya ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba gyaran motar da kake ciki ba. Don haka a rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki nauyi in mota ta lalace a Lome.

Takardunku na kanku kuwa da sauƙi: fasfo ga kowa har yara, katin rigakafin shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra. Ba biza, ɗan ECOWAS na da kwana 90.

Mu dai shawararmu, ka ɗauki motar tare da direban kamfani wanda ya saba da hanyar. Kuɗin abincinsa da makwancinsa bai kai asarar yini guda a bakin iyaka da yara cikin rana ba, kuma ya fi ka sanin tagar da ake fara zuwa.

In ka nace sai ka tuƙa, ka bar Legas bayan asuba, don cunkoson hanyar Badagry da shingayen jami'ai kan ci sa'o'i. A duk ƙasashen, hannun dama ake bi kamar gida. A Kwatano ka yi hattara da 'yan acaɓa masu rawayar riga, ta ko'ina suke ɓullowa. Man da ake sayarwa a kwalabe bakin titi kada ka zuba shi, yakan zo da ruwa ko datti ya toshe fanfon mai, kuma kai za a caja. Ka duba safaya taya, jak, sifana da tukunyar kashe gobara tun a Legas.

Ka raba tafiyar kwana uku: Kwatano, sai Lome ta Ouidah da Grand-Popo, sannan Akra. Tekun Grand-Popo na jan mutum ƙwarai, yara su tsaya kan yashi. Sefa ce ke aiki a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka canza kaɗan a iyaka, sauran a cikin gari. Da ka shiga Togo ka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Masallaci da abinci irin na gida kuma, ka nemi Zango a Kwatano ko Nima a Akra, da Hausa za a amsa maka sallama.