Ana Iya Wanke Ruwan Jakara?

Tambaya: Malam, ina noman rani a gefen dam ɗin Wasai. Ruwan da kogin Jakara ke kawo mana baƙi ƙirin ne, ga wari. Wai da gaske ana wanke ruwan kwata kafin a sake shi cikin kogi?
Wani manomi daga Minjibir

Amsa: Ana yi, ɗan'uwa. A Abuja ma akwai irin wannan matata a Wupa. Da farko raga ce ke tare leda da tsummoki, sai a bar ruwan a manyan kwatarniya dagwalo ya kwanta. Daga nan a hura masa iska, ƙwayoyin bakteriya su cinye sauran ƙazantar. Su ne ainihin ma'aikatan, ba albashi! Ƙarshe a kashe ƙwayoyin cuta.

Naku ya fi haka wuya. Jakara na ɗebo kwatamin cikin birnin Kano, rafin Getsi ya haɗo mata ruwan masana'antun Bompai. Bakteriya ba ta narkar da sinadarin kuromiyam da ake jimar fata da shi, dole a cire shi tun daga masana'anta.

Kafin nan, sa takalmin roba in za ka shiga ban-ruwa, kuma kada ka wanke latas da ruwan kafin kai shi kasuwa.