Amsa ga mai shirin kai iyali Coober Pedy a hutun Disamba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don yadda ka tsara taka tafiyar haka na tsara tawa: a ɗauki hayar mota a Adelaide, a haɗa kuɗin mai da wani, a nufi Coober Pedy, wani gari a hamadar Kudancin Ostareliya, ganin gidajen ƙarƙashin ƙasa. Ka tambaya ko garin ya kai a sha wahalarsa, da kuma abin da za a nuna wa yara. Ya kai, har ya wuce. Amma don Allah ka janye maganar Disamba. Zafin can a lokacin yakan haura digiri 40, ga ƙuda masu nacin shiga ido da hanci. Ka bari sai hutun 'yan makaranta na Afrilu ko na Yuli, sai dai a tafi da rigunan sanyi don dare.

Wanda za ku haɗa mota da shi ɗin nan, ka san halinsa kuwa? Ni da wani ɗan'uwanmu muka tafi, ba zan kira suna ba. Tun daga gida ya ɓata mana lokaci, sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar Adelaide, alhali tafiyar kusan kilomita 850 ce. Muka wuce Port Augusta, muka kama Stuart Highway, muka isa Glendambo da la'asar sakaliya. Daga nan zuwa Coober Pedy kilomita 250 ne babu gidan mai ko ɗaya. Na ce mu kwana, akwai masauki. Ya ce asarar kuɗi ce, shi da ya saba bin hanyar Kano zuwa Legas cikin dare wannan shimfiɗaɗɗen titi ne zai ba shi tsoro? Ya karɓi makulli.

Bayan magariba kaɗan sai ga kangaru ya faɗo titi daga gefen hagu. Ban ma gan shi ba, ƙarar kawai na ji. Gaban motar ya lotse, fitila ɗaya ta mutu, ruwan lagireto na tsiyaya yana tururi. Waya ba sabis. Maiɗakina ta rungume ƙaramar 'yarmu tana ta salati, babban kuma sai tambaya yake ko dabbar ta mutu. Duk lokacin da irin dogayen tirelolin nan masu jan bodi uku suka wuce, sai motar ta girgiza da mu a ciki. Sanyi ya sauko, ga duhu ko tafin hannunka ba ka gani. Shi kuwa gogan yana gefe yana faɗin ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, wa ya musa? Wasu tsofaffi ne mata da miji masu jan gidan tafi-da-gidanka suka tsaya, suka ba mu bargo, suka ce za su turo mai janwe da sun samu sabis. Allah Ya saka musu.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Kamfanin hayar ya nuna mini layin da ya ce inshora ba ta ɗaukar karo da dabba tsakanin faɗuwar rana da fitowarta a wajen gari. Kuɗin janwe da na gyara duk suka hau kaina. Na je masa da maganar mu raba, ya ce ai da sunana aka ɗauki motar. Ko sisi bai bayar ba. Har yau muna haɗuwa ranar Juma'a, ya miƙo hannu yana murmushi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. To ka karanta takardar hayar nan layi-layi, ka tambaye su maganar dare da ta titin da ba kwalta, kuma rana na yin ja ka nemi wurin kwana, ko wa ya ce me.

Garin kansa kuwa, tun daga nesa za ka fara hango tsibin farar ƙasa birjik kamar jiɓar tururuwa, duk tonon masu neman ofal ne, wani dutse mai daraja da ake kayan ado da shi. A 1915 wani yaro ɗan shekara 14, Willie Hutchison, ya tsinci dutsen yana tare da ayarin mahaifinsa masu neman zinariya. Babban titin garin ma sunansa yake ɗauke da shi. Zafi ne ya kori mutane cikin tudu suka fafe ɗakuna. Ku kwana a irin wannan masauki ko da dare ɗaya ne. Bangon dutse ne ja-ja da fari, har sawun haƙoran injin da ya sassaƙe shi kana gani, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki, amma ɗakin lumus. Ka saita ƙararrawa don Asuba, babu taga balle ka ga alamar alfijir.

Yara za su so Umoona, tsohuwar mahaƙa ce da aka mayar gidan tarihi, akwai ƙasusuwan halittun ruwa tun zamanin da wurin yake teku. Old Timers Mine ma ana sa musu hular kwano su bi ramukan da aka haƙa da hannu tun 1916. Akwai cocin 'yan Sabiya da aka fafe cikin dutse, don bayan Yaƙin Duniya na Biyu Girkawa da Italiyawa da mutanen tsohuwar Yugoslabiya sun kwararo neman arziki. Ni dai aikin sassaƙar na je kallo, kuma ya burge ni. Filin golf ɗinsu ko ciyawa ɗaya babu, wannan ba sai kun ɓata lokaci ba.

Ka riƙe hannun yaran nan! Wajen gari dubban ramuka ne a buɗe, alluna ma na gargaɗin kada a yi gudu, kada a ja da baya wajen ɗaukar hoto. Idan suna son tonon tsakuwa ko za a dace, akwai filin da aka ware wa baƙi a cikin gari, a can kawai za su yi.

Breakaways na arewa da gari, kamar kilomita 30, tuddai ne masu launin fari da ja da rawaya, ƙasar 'yan asalin wurin ce, sai an yanki takardar izini. A hanyar za ku ga shingen wayar da ya haura kilomita 5,000, wanda aka kafa don tare karnukan daji da ake kira dingo daga tumaki. Titin ba kwalta, shi ya sa na ce ka tambayi masu mota, ko ku bi masu kai baƙi.

Nama ku saya na halal tun daga Adelaide. Ruwa ma ku cika jarka, na can daga rijiyar burtsatse ake jawo shi a tace, ba a wasa da shi. Ina da kula babba da jarkoki a gareji, in ka tsayar da rana ka yi mini magana ta gefe ka zo ka ɗauka. A gaida maiɗakinka da yara.