Sabuwar na'ura ko gyaran tsofaffi? Amsa ga mai wurin wasan yara a Kano

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ya rubuto cewa shi da abokin haɗin gwiwarsa suna da wurin wasan yara a cikin Kano, mai liluka da motocin karo da ƙaramin jirgin ƙasa. Sun sami rarar kuɗi bayan Babbar Sallah, amma iyaye sun yi musu ca a Facebook da TikTok kan karyayyun kujeru, da banɗaki marar ruwa, da lilon da ya tsaya da yara a sama. Abokin nasa yana son su yi odar sabuwar na'ura daga Chaina domin a toshe bakin masu suka, shi kuwa yana neman shawara.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ku jingine batun oda, ku zuba kuɗin nan a gyara, domin masu sukar nan ba ƙarancin kayan wasa suka yi kuka da shi ba, lalacewar waɗanda ake da su ce ta dame su. Ka lura da su wane ne ke magana: wanda ya zo sau ɗaya bai ji daɗi ba yakan tafi abinsa shiru, amma uwar da take kawo 'ya'yanta duk Sallah ta san yadda wurin yake a bara, kuma da baran take auna bana. Ita ce za ta ga fentin dokin lilo ya kwaile, ta ga an ɗaure ƙyauren motar karo da waya, ta ɗauki hoto ta yaɗa. Kada ku mayar mata da martani cikin fushi, domin ita ɗin ce dai za ta yaba muku a bainar jama'a idan ta dawo ta tarar an gyara.

Ko manyan wurare sun sha irin wannan. Ranar da aka buɗe wurin wasa na Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka, 17 ga Yuli, 1955, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba har takalman mata suna nutsewa, famfunan ruwan sha kuma ba sa aiki, 'yan jarida suka yi ta caccaka. Abin da wurin ya shahara da shi daga baya shi ne tsabta, da ma'aikatan da ke shiga da dare bayan an rufe suna wanki da fenti da duba na'urori kafin gari ya waye.

Mu a Kano muna da namu abokan gaba. Ƙurar hunturu tana shiga cikin injin ta gauraya da giris ta cinye boris, zafin Maris da Afrilu yana busar da roba da bel har su tsattsage, damina kuma tana kawo tsatsa a daidai inda aka yi walda, wato inda nauyin yara yake rataye. Ga ɗaukewar wuta, wadda ita ce kan tsayar da lilo a sama idan janareta bai karɓa nan take ba. Saboda haka kuɗin gyara ba abin da ake nema bayan ɓarna ba ne. Ku ware wani kaso daga kowane tikiti, a ganina kada ya gaza kashi 10 cikin 100, ku ajiye shi a asusu daban wanda babu mai taɓawa a cikinku da sunan riba. Kuna kuma da wata dama da ba ta ɓuya: ciniki yana ja baya a watan azumi, ga shi kuma Ƙaramar Sallah tana biye, don haka a nan ne ya dace a kwance kowace na'ura, a kira makanike da mai walda da mai lantarki, a sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, a gama kafin a ga wata.

Maganar lilon da ya tsaya da yara kuwa ta fi ƙarfin batun suna. A watan Yunin 2015 jiragen wasa sun yi karo a wurin wasa na Alton Towers da ke Ingila, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa, a 2016 kuma kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Ku tanadi littafi da ma'aikaci zai sa hannu kowace safiya bayan ya gwada na'ura babu kowa a kai. Wadda ba ta da lafiya a rufe ta, a rubuta sanarwa a bakin ƙofa kafin mutum ya biya kuɗi, domin magidancin da ya sayi tikitin yara biyar sannan ya tarar jirgi ba ya tafiya zai ɗauka an cuce shi ne. Banɗaki da ruwan alwala da inuwar zama, waɗanda ba su kai kuɗin na'ura ɗaya ba, su ne ke sa iyaye su daɗe har su sayi abinci.

Idan asusun gyara ya tsaya da ƙafarsa, to ku waiwayi sabuwar na'ura, amma kafin ku biya ko sisi ku tambayi dillalin ko zai haɗo da kayan gyara, da irin wutar da take ci, da kuma wanda zai iya kwance ta ya ɗaura a nan Kano.