Amsa ga mai neman bodin ɗaukar baburan ƙanƙara

Ɗan'uwa, ka ce kana Albata a Kanada, kana son ɗora wa a-kori-kurarka shimfiɗaɗɗen bodi mai ɗaukar baburan ƙanƙara biyu, wato masu gudu a kan dusar ƙanƙara, kana tambaya ƙarfe ko alminiyam.

Kafin a kai can, buɗe ƙofar direba ka karanta sitikar da ke jikin ginshiƙin, ita ke faɗin nauyin da motar za ta iya ɗauka. Babur guda, irin Ski-Doo Summit, ya kai wajen kilo 200 tun ba a cika masa tanki ba. Ka ninka biyu, ka ƙara nauyin bodin, da kai da abokin tafiya. A-kori-kurar Ford ƙirar F-150 da yawa a nan suke durƙusawa. F-250 ko F-350 ta fi kwanciyar hankali.

Ni dai alminiyam zan ce. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin hunturu cin ƙarfe yake kamar gara, ga ƙarfen da nauyi. Tsada ce aibin alminiyam, kuma ba kowane mai walda ke iya gyara shi ba.

Faɗi kada ya wuce mita 2.6, iyakar doka ke nan.

Inda mutane ke yin sake shi ne tsanin hawa, wanda babur ke bi ya hau bodin. Na taɓa sayen gajere don arha, ranar farko babur ya yi tsalle saura ƙiris ya fasa gilashin baya. Nemi mai tsawon mita 3 ko fiye, ka sa shingen ƙarfe bayan kan motar. Ka shimfiɗa roba mai santsi inda takalman gaban babur, waɗanda yake sulɓi da su a kan ƙanƙara, ke bi, domin haƙoran ƙarƙashinsu kankare alminiyam suke. Maɗauri kuwa gaba da baya, ba gaba kaɗai ba.