Maƙoƙon Da Ya Gangara Cikin Ƙirji: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, wane gishiri ne ake cewa yana hana maƙoƙo? (Daga Gusau)

Amsa: Gishirin leda mai sinadarin aidin, za ka ga an rubuta a jikinsa. Tun 1993 aka wajabta zuba aidin a gishirin ci a Najeriya. Rigakafi ne kawai, ba ya narkar da maƙoƙon da ya riga ya girma.

Tambaya: An cire mini maƙoƙo gaba ɗaya, aka ce in riƙa shan ƙwayar tayiroksin. Har yaushe? (Daga Maraɗi)

Amsa: Har ƙarshen rayuwa, Hajiya, domin ita ce ke maye gurbin sinadarin da ƙululun wuyan da aka cire yake samar wa jiki. Ki sha da ruwa tun kafin ki karya da rabin awa, kuma ki raba ta da maganin ƙarin jini da awa 4.

Tambaya: Shekara 11 ke nan da aka yi wa mahaifiyata aikin maƙoƙo, wuyanta kuma babu kumburi. Amma wata shida yanzu ba ta iya kwanciya rigingine, numfashinta yana yin ƙara kamar fito cikin dare, tuwo yana tsaya mata. Mai kemis ya ce asma ce. Da muka yi hoto, likita ya ce maƙoƙon ne a cikin ƙirji, sai an sake aiki. Dangi sun ce ba a yanka wuri ɗaya sau biyu, wani wanzami kuma ya ce zai yi mata sakiya. (Daga Funtuwa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Zan fara da wanzamin, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali. Kada ya taɓa ta, don Allah. Maƙoƙo tsoka ce cike da jijiyoyin jini, ba mugunya ce a ciki ba da za a huda ta tsiyaye. Wannan kuma a bayan ƙashin ƙirji yake, maƙwabcin manyan jijiyoyin da ke haɗe da zuciya. Me ƙarfen sakiya zai tarar a can, in ba jini ba? Abin takaici ne a ce har yau ana kawo mana mata wuyansu duk tsaga da ƙuna, sai mun yi jinyar gyambon kafin mu isa ga cutar.

Aikin farko bai zama na banza ba. Sau da yawa ana cire wani sashe ne a bar saura, sauran ya ci gaba da girma a hankali. Wani lokaci kuma tun farko akwai reshen da ya riga ya sauka ƙasa. A wuya maƙoƙo yana da filin da zai kumburo waje kowa ya gani. A ƙirji ƙashi ya kewaye shi, sai ya danne bututun iska da hanyar abinci. Shi ya sa abin shaƙa na asma ba zai yi mata komai ba, kuma babu ƙwaya ko jiƙon da zai janye shi.

Ku nemi hoton siti-sikan na wuya da ƙirji, don sikanin na yau da kullum ba ya gani ta bayan ƙashi. Za a gwada jini, a kuma leƙa maƙogwaronta da ƙaramar kyamara a ga ko aikin farko ya taɓa jijiyar murya.

Galibi ta tsohon tabon wuya ake bi a zaro shi sama. Kaɗan ne ake tsaga musu ƙashin ƙirji, idan ya nutse sosai ko ya manne, daga baya a ɗaure ƙashin da waya ya haɗe cikin wata biyu zuwa uku. Ba zan ɓoye miki ba, aiki na biyu ya fi na farko wuya, domin tabo yana ɓoye jijiyar murya da wasu 'yan ƙululu huɗu masu daidaita sinadarin kalsiyam a cikin jini. Don haka a yi shi a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, inda akwai likitocin ƙirji da ɗakin kulawa ta musamman. Maganar ba a yanka wuri ɗaya sau biyu ba ta da tushe. Mata nawa aka yi wa aikin haihuwa sau uku suna nan lafiya?

Kafin ranar aiki ta riƙa kwana a jingine da matashi. Idan numfashi ya tsananta, ko fuskarta ta kumbura, ko jijiyoyin wuyanta suka fito raɗau, ku tafi asibiti a daren nan, kada ku jira gari ya waye. Mura kaɗai tana iya toshe ɗan sararin da ya rage mata.

Tambaya: Kwana uku da yi mini aikin maƙoƙo, leɓena da yatsuna suna zuga kamar ana tsira mini allura. (Daga Azare)

Amsa: Alamar kalsiyam ɗinki ya sauka ce. Ki koma asibitin da aka yi miki aikin yau ɗin nan a gwada jini, kada ki bari sai yatsun sun ƙage.