Tambaya da Amsa: Kurosoba na kasuwa ko wanda za ka haɗa da hannunka?

Tambaya daga Zariya: Ina haɗa akwatin sifika mai baki uku na falo. Na sayi babbar sifika inci 12, ta tsakiya inci 5, da tuwita (ƙaramar sifikar siririn sauti), dukansu om 8. Mai shago ya nuna min kurosoba (allon da ke raba wa kowace sifika nata sautin) haɗaɗɗe an rubuta 1000W. In saya? Tuwita biyu na riga na ƙona.

Amsa: Malam, ƙyale wannan lambar wat ɗin, ado ce. Abin da za ka tambayi mai shago shi ne a Hz nawa (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) yake raba sautin, kuma na om nawa ne. In bai sani ba, ba a kuma rubuta a jiki ba, ka ajiye masa kayansa.

Ga sifikokinka, rabon farko ya dace a wajen 500 Hz, na biyu a wajen 3,500 Hz. Dalilin na biyun shi ne maganin ƙonewar tuwitarka. Kowace tuwita tana da lambar Fs a takardarta, wato Hz ɗin da take karkarwa da kanta, kuma ba a barinta ta yi aiki ƙasa da ninki biyu na wannan lamba. Masu gyara da yawa kafasita ɗaya tak suke ɗaura mata, alhali wannan yana rage sautin ƙasa (mai kauri) da 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) kacal duk lokacin da Hz ya ragu da rabi. Ragowar yana kutsawa, siririyar wayar cikinta ta yi zafi ta tsinke. Kafasita da koyil tare suna rage 12 dB. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har murya ta fara tsagewa ma tana kashe tuwita, komai kyan kurosoba.

Ga lissafin irin kurosoban da ake kira Butterworth, na om 8. Babbar sifika: koyil 3.6 mH a kan layin da ke shiga, kafasita 28 µF tsakanin ƙafafunta biyu. Tuwita: kafasita 4 µF a layi, koyil 0.5 mH tsakanin ƙafafu. Ta tsakiya tana cin duka huɗun: 28 µF a layi da 3.6 mH a gicciye (tsakanin ƙafafu) don tare bes, sai 0.5 mH a layi da 4 µF a gicciye don tare siririn sauti. In kafasita 27 µF da 3.9 µF ka samu maimakon 28 da 4, sun wadatar. Kafasitar ta zama marar alamar + da −, mai ɗaukar bolt 100. Sannan ka juya wayoyin ta tsakiya, ja a wurin baƙi. In ka manta, muryar mawaƙi za ta yi rami kamar daga cikin tulu take fitowa.

Wannan lissafi mafari ne kawai, domin om 8 ɗin suna ne, yana hawa da sauka da sauti. (Kada ka tsorata in mita ta nuna maka 6, haka take.) Tuwita kuma kusan kullum ta fi sauran ƙara. In tana sukar kunne, sa rezista om 2.2 a layi da om 20 a gicciye, masu wat 10, za ta sauka da kimanin 3 dB. A kan allo, nisanta koyil-koyil ɗin, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, don kada maganaɗisunsu ya shiga juna.

Tambaya daga Maraɗi: Kafinta ya ce a jera tuwita da ta tsakiya gefe da gefe don akwatin ya gajarta. Akwai illa?

Amsa: Akwai. Jera su a tsaye, tuwita a sama daidai kunnen mai zaune a kujera, wajen santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa. A gefe da gefe, da ka gusa hagu ko dama sautin ɗaya zai riga na ɗayan isowa, su cinye juna. Tsawon zangon sauti a 3,500 Hz bai kai santimita 10 ba, don haka ka matso da su har bakinsu ya kusa taɓawa. Babbar ba ta da wannan tsanani, zangon 500 Hz ya kusa santimita 70.

Abin da kafintoci suka fi mantawa shi ne ɗakin ta tsakiya. A yi mata nata rufaffe, lita 3 zuwa 5, a cusa auduga, a toshe ramin waya da gam. Ba haka ba, iskar babbar za ta riƙa tura takardarta daga baya, ka ji tana kakari duk lokacin da ganga ta buga.

Tambaya daga Kumasi: MDF (allon garin katako da aka matse) ko filawud ya dace da akwatin sifika?

Amsa: Na falo, MDF mai kaurin milimita 18, a ninka allon gaba, a kafa katako a ciki tsakanin bango da bango. In za a riƙa ɗora shi a mota zuwa wurin biki, filawud, domin MDF yana kumbura da ya sha ruwa, kuma sukuru ba ya zama a gefensa in an kwance shi sau biyu.