Tambaya da Amsa: Da An Rungume Ni a UFC Sai Na Tsinci Kaina a Ƙasa

TAMBAYA: Salam yallaɓai, daga Tudun Wada nan Kaduna. Kullum da yamma muna buga UFC 4, gem ɗin nan na faɗan dambe da kokawa, a gidan gem na layinmu, indai naushi ne ba mai ja da ni, amma akwai wani yaro da yake ɗaukar Khabib, ɗan wasan nan gwanin kokawa, da ya rungume ni ya manna ni da raga shikenan sai ƙasa, in ta danne-danne har yatsuna su yi ciwo a banza. Wai laifin gem ɗin ne ko nawa? Dan Allah a taimaka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya laifin na ku biyu ne kai da gem ɗin, amma bari mu fara da naka tunda shi ne a hannunka.

Danne-dannen nan shi ke kashe ka. Duk naushin da ka kai ya wuce iska yana cin sitaminarka, kuma da layin sitamina na saman allo ya yi ƙasa komai naka sai ya yi nauyi, shi kuwa yaron yana zaune ne yana jiran ka gaji. In ya kama wuyanka a tsaye ka ja sandar hagu ta hannun gem baya ka zame tun kafin bayanka ya taɓa raga, in ka ga ya sunkuyo zai ɗebi ƙafarka ka danne maɓallan L2 da R2 tare. A ƙasa kuma kafaɗa da ƙugun ɗan wasansa za ka sa wa ido, ɓangaren da ya karkata nan za ka tura sanda kana riƙe da R2.

Sannan ka shiga saitin ka cire Grapple Assist, wato tsarin da gem ke taya ka kokawa, ka koma Legacy, tsohon tsarin. EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun kawo wannan tsarin na Grapple Assist a UFC 4 a 2020 don sabbin shiga, zaɓi uku kawai yake ba ka, tashi ko sabmishin (shaƙa ko murɗa gaɓa har abokin karawa ya sallama) ko duka, gem ɗin ne ke zaɓa maka hanyar da za ka bi. Legacy zai ba ka wahala da farko amma kai ke tuƙi.

Yanzu laifin EA, kuma wannan yana damuna wallahi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawar gargajiya ya san kafin kayi akwai dogon faɗan hannu, wa zai zura hannunsa ƙarƙashin hammatar wani, kan wa ke ƙarƙashin haɓar wa. Haka Kamaru Usman ya yi wa Masvidal a gasar UFC ta gaske a Yulin 2020, ya manna shi da raga zagaye biyar yana taka masa ƙafa yana dukansa da kafaɗa har ya ci wasan. A gem ɗin wannan faɗan hannun bai fito yadda ya kamata ba, riƙon tsaye ya zama kamar wani naushin daban, ka shiga ka buga gwiwa ka fita. Abin da nake so su yi, kowane hannu ya samu sandarsa, kuma hannun gem ya riƙa girgiza ta ɓangaren da ake rinjayarka yadda za ka ji a tafinka. Shi ya sa har yau tsoffin 'yan gem ke yabon UFC Undisputed 3 na kamfanin THQ da ya fito 2012.

UFC 5 na 2023 ya cire ƙananan wasannin nan da ke rufe allo lokacin shaƙa, an gode musu, sai dai ba ya kan PS4. In gidan gem ɗinku PS4 ne, ka biya kuɗin awa ɗaya kai kaɗai ka shiga wajen atisaye, ka sa kwamfuta ta yi ta kai maka kayi kana tarewa.